Hancin Kare da Ƙwan Yautai: Taƙaddamar Sakin Karnuka a Dazuzzukan Turai

A ƙasar Birtaniya, inda ƙididdigar ƙungiyoyin kula da dabbobi ke nuna cewa akwai karnukan gida fiye da miliyan goma, mafi yawan karnuka suna kwana ne a ɗaki tare da masu su, suna cin abincin da aka sayo a kanti, kuma ba sa taka ƙofar gida sai da igiya a wuya, saboda haka sa'a guda ko biyu da ake kai su kurmi a kwance musu igiyar ita ce kaɗai lokacin da suke zaɓar wa kansu inda za su sa ƙafa. Wanda ya saba ganin karen ƙauye yana yawonsa daga bayan gari zuwa mahauta ba mai ce masa kanzil zai yi mamakin yadda wannan 'yar sa'a ta zama abin kafa doka da binciken jami'a da cacar baki tsakanin masu karnuka, makiyayan tumaki da masu rajin tsare tsuntsaye. Dalilin bai wuce ƙarancin daji da yawan jama'a ba, domin kurmi ya rufe kimanin kashi 13 cikin ɗari ne kawai na ƙasar Birtaniya, a Ingila ita kaɗai kuwa kusan kashi 10 ne, kuma ɗan abin da ya rage a gefen birane shi kowa yake rububi, da mutum da karensa da barewa da tsuntsun da ke saka ƙwai a ƙasa.

Masu goyon bayan sakin kare suna da madogara a doka. Tun daga rahoton kwamitin Farfesa Roger Brambell na shekarar 1965, wanda gwamnatin Birtaniya ta kafa domin duba halin da dabbobin gona ke ciki a gidajen kiwo na zamani, aka fara ɗaukar cewa jin daɗin dabba bai tsaya ga ci da sha da magani ba, har da barin ta ta aikata abin da aka halicce ta a kansa. Wannan fahimta ta shiga dokar walwalar dabbobi ta Ingila da Wales ta shekarar 2006, wadda sashenta na tara ya ɗora wa duk mai dabba nauyin biya mata buƙatu biyar, ɗaya daga cikinsu ita ce buƙatar nuna ɗabi'unta na asali. Abin da dokar ba ta fayyace ba shi ne wace ɗabi'a ce ta asali ga kare, kuma a wane fili za a bar shi ya nuna ta, alhali daga cikin ɗabi'un nasa har da bin zomo da kashe shi.

Duniyar da ake gani da hanci

Abu na farko da kare ke yi idan aka kwance shi a bakin kurmi shi ne ya sa hanci a ƙasa, kuma a nan ne mafi yawan buƙatarsa take, ko da yake mai shi yakan ɗauka gudu ne ya kawo su. An ƙiyasta cewa hancin kare yana ɗauke da ƙwayoyin jijiya masu karɓar ƙanshi tsakanin miliyan 200 zuwa miliyan 300 gwargwadon irinsa, na ɗan Adam kuwa bai wuce miliyan biyar ko shida ba. Ginin hancin ma daban yake: iskar da ya shaƙa tana rabuwa gida biyu, wata ta wuce huhu, wata ta nufi wani lungu a can ciki inda ake tantance ƙanshi, sannan idan zai fitar da numfashi iskar tana fita ne ta 'yan tsagogin da ke gefen hanci, ta yadda ba za ta ture ƙanshin da ke gabansa ba. Kare mai bin sawu yana shaƙa kusan sau biyar a cikin daƙiƙa ɗaya. Gindin bishiyar da mutum zai wuce bai ko kalla ba, kare yana karanta a jikinta wane kare ne ya yi fitsari a wurin, namiji ne ko karya, da jimawa ko yanzun nan, kuma igiya mai tsawon kamu uku da ake fizgarsa da ita duk lokacin da ya tsaya tana hana shi wannan karatu kamar yadda za a riƙa fizge takarda daga hannun mai karatu kafin ya kai ƙarshen layi.

Akwai gwajin da ya nuna cewa wannan sunsune-sunsune yana taɓa hankalin dabbar. A shekarar 2019 Charlotte Duranton da Alexandra Horowitz, wadda ke jagorantar ɗakin binciken tunanin kare a kwalejin Barnard da ke New York, sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka raba karnuka gida biyu na tsawon mako biyu, rukuni ɗaya ana ɓoye musu abinci su nemo da hanci, ɗaya rukunin ana horar da su tafiya a gefen ƙafar mai su. Kafin nan an koya wa kowane kare cewa kwanon da aka ajiye a gefe kaza yana da abinci, na ɗaya gefen kuma fanko ne, daga baya sai aka ajiye kwano a tsakiya inda ba su san hukuncinsa ba. Karnukan da suka yi aikin hanci sun ƙara saurin tunkarar kwanon tsakiyar, abin da masana ke fassarawa da kyautata zato, wato dabbar tana sa ran alheri a inda ba ta da tabbas. Karnukan da aka gwada ba su da yawa, don haka bai kamata a ɗora wa sakamakon kayan da ya fi ƙarfinsa ba, amma ya dace da abin da masu horar da karnuka suka daɗe suna faɗa, cewa rabin sa'a na bin ƙanshi ya fi gajiyar da kare da kwantar masa da hankali a kan doguwar tafiya a bakin kwalta.

Binciken da ya fi nuna abin da kare ke iya yi idan aka bar shi da kansa a daji an yi shi ne a Jamhuriyar Cek, inda Kateřina Benediktová da Hynek Burda da abokan aikinsu na jami'ar kimiyyar rayuwa ta birnin Prag suka ɗaura wa karnukan farauta 27 na'urar GPS da 'yar kyamara, suka bi diddigin fita fiye da 600 da suka yi a dazuzzukan ƙasar, aka wallafa sakamakon a mujallar eLife a shekarar 2020. Kare yakan ji ƙanshin nama ya bi shi har ya ɓace wa mai shi, wani lokaci ya yi nisan fiye da kilomita guda, sannan ya juyo. A mafi yawan lokuta yana komowa ne ta kan sawunsa, yana bin warin ƙafarsa. Amma a kusan kashi ɗaya cikin uku na fitar sai ya yanko sabuwar hanya da bai taɓa bi ba, kuma kafin ya yanko ta yakan fara da wani ɗan gajeren gudu na kimanin mita 20 a kan layin kudu da arewa, ba tare da la'akari da inda mai shi yake tsaye ba, daga nan sai ya karkata ya nufo gida, kuma karnukan da suka yi wannan ɗan gudu sun fi dawowa ta gajeriyar hanya. Masu binciken suna ganin dabbar tana daidaita kanta ne da maganaɗisun ƙasa, kamar yadda matafiyi ke duba kamfas kafin ya kama hanya. Ko wannan fassara ta tabbata ko ba ta tabbata ba, abin da na'urar ta zana a taswira ya isa shaida cewa akwai wata baiwa a cikin kan kare wadda ba ta da wurin aiki a ƙarshen igiya.

Sai dai hancin nan somin taɓi ne. Raymond Coppinger, masanin halayyar dabbobi na kwalejin Hampshire da ke Amurka, wanda ya rubuta littafi a kan asalin kare tare da matarsa Lorna a shekarar 2001, ya bayyana farauta a matsayin sarƙa mai gaɓoɓi da ke biye da juna: dabbar ta ankara da nama, ta kafa masa ido, ta yi sanɗa, ta bi shi da gudu, ta cafke, ta yi cizon kisa, sannan ta yage. Kyarkeci yana da sarƙar a cike, domin da ita yake ci. Shi kuwa ɗan Adam, a cikin dubban shekarun da ya yi yana zaɓen iri, ya kumbura wasu gaɓoɓin ya dakushe wasu, har aka sami karen kiwon tumaki na kan iyakar Ingila da Sikotland wanda ya ƙware a kafa ido da sanɗa da kora amma ba a son ya kai ga cizo, da karen da ke sandarewa wuri guda yana nuna wa maharbi inda tsuntsu ya laɓe, da wanda ke ɗauko tsuntsun da aka harbo a baki bai huda fatarsa ba. Dogon karen nan na Azawak da Buzaye ke kiwo a Nijar da Mali yana ɗaya ɓangaren, domin da ido yake farauta kuma gudu ne jarinsa. 'Yan farautar ƙasar Hausa da ke fita da garken karnuka da rani sun san wannan sarƙa a aikace ba tare da sun karanta ta ba, kuma karin maganar da ke cewa in aka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi ta faɗi ainihin matsalar, domin kowace gaɓa tana jawo ta gaba da ita. Bambancin shi ne karen maharbi yana da wanda yake yi wa aiki, shi kuwa karen birnin Landan da aka saka a kurmi ranar Lahadi yana ɗauke da sarƙar ne ba tare da an tanadar mata inda za ta tsaya ba.

Waɗanda ake sakin karen a kansu

Yautan Turai, ɗan'uwan yautan da aka sani a ƙasar Hausa, yana cin lokacin sanyin Turai a Afirka kudu da Sahara, sannan ya isa Ingila a watan Mayu domin ya hayayyafa a filayen yashi masu gajerun ciyayi da kuma wuraren da aka sare itatuwa a cikin gandun daji. Ba ya gina sheƙa. Macen tana saka ƙwai biyu a kan tsurar ƙasa tsakanin busassun ganye da ɓawon itace, ta kwanta a kansu da rana idonta a lumshe, launin gashinta ya saje da tarkacen har mutum zai iya wucewa taku uku daga gare ta bai gan ta ba. Wannan dabara ta ɓuya an yi ta ne domin ido, ba ta da wani tasiri a kan hanci. Idan kare ya kutsa ciyawa ya tashe ta, ƙwan nan masu haske sukan zauna a fili, hankaka kuwa yana kan reshe yana kallo, kuma binciken da aka yi a filayen gundumar Dorset ya nuna cewa kwancin da ke kusa da hanyoyin da jama'a ke bi ya fi lalacewa. Karen bai ciji komai ba, wataƙila ma bai san ya yi ɓarna ba, mai shi kuma zai koma gida da yaƙinin cewa karensa ba ya cutar da ko ƙuda.

Wani bincike daga Ostireliya ya ƙara dagula lissafin. A shekarar 2007 Peter Banks da Jessica Bryant na jami'ar New South Wales sun ƙirga tsuntsaye a wurare 90 a dazuzzukan arewacin birnin Sidni jim kaɗan bayan wucewar mutum da kare, ko mutum shi kaɗai, ko kuma ba kowa, suka tarar cewa wucewar kare tana rage yawan tsuntsayen da ake gani da kashi 41 cikin ɗari, ta rage yawan nau'o'insu da kashi 35, alhali tasirin mutum shi kaɗai bai kai rabin haka ba. Abin lura shi ne karnukan gwajin duk a ɗaure suke da igiya, wato tsuntsu yana ganin kare a matsayin maƙiyi ko a sake yake ko a ɗaure. Har ƙasar da ake takawa ma tana karɓar rabonta, domin Pieter De Frenne da abokan aikinsa na jami'ar Ghent a Beljiyam sun lissafa a shekarar 2022 cewa kashi da fitsarin karnuka suna zuba kimanin kilo 11 na naitirojin da kilo 5 na fosforas a kowace hekta duk shekara a gandayen da ke kewayen birnin. Waɗannan su ne sinadaran da manomi ke saye da tsada a buhun takin NPK, amma a gandun da tsirransa suka saba da ƙasa marar ƙarfi taki guba ne, saboda yana ba ciyayi masu haɗama damar danne sauran. Lissafin nasu ya nuna cewa kwashe kashin kawai yana kawar da kusan dukkan fosforas ɗin, amma fitsari ba shi da makwashi.

Ɓarnar da ta fi fitowa fili ita ce ta barewa da tumaki. Barewar Turai tana haihuwa a watannin Mayu da Yuni, ta ɓoye ɗanta a ciyawa ta tafi kiwo, ba ta dawowa sai lokacin shayarwa, kuma ɗan ba ya gudu idan ya ji motsi, lafewa yake yi. A gandun Richmond da ke Landan, inda bareyi kusan 600 ke yawo a sake, wajibi ne a ɗaure kowane kare daga 1 ga Mayu zuwa 31 ga Yuli, kuma a nan ne a shekarar 2011 aka ɗauki bidiyon wani kare da ya kora garken bareyi suka tsallaka titi mai shi yana biye yana kururuwar kiran sunansa, bidiyon da miliyoyin mutane suka kalla suna dariya duk da cewa abin da ya nuna laifi ne. Tunkiya mai ciki kuwa ba sai an cije ta ba, kora kaɗai tana sa ta ɓari. Dokar Ingila ta 1953 ta mai da korar dabbobin kiwo laifi a kan mai kare, ta 1971 ta ba manomi kariya idan ya harbe karen da ke cikin tumakinsa alhali ba wata hanyar tsayar da shi, sannan a shekarar 2021 majalisar Sikotland ta ɗaga hukuncin zuwa tarar da za ta iya kai fam 40,000 ko ɗaurin wata 12.

Rabon fili da rabon lokaci

Ƙasashen arewacin Turai sun fi karkata ga raba shekara. A Norwe dole kare ya kasance a ɗaure daga 1 ga Afrilu zuwa 20 ga Agusta, a Suwidin doka ta hana barin sa ya yi yawo a sake a daji daga 1 ga Maris zuwa 20 ga Agusta, a jihar Lower Saxony ta Jamus kuma daga 1 ga Afrilu zuwa 15 ga Yuli. Dokar Ingila ta shekarar 2000, wadda ta buɗe wa jama'a tsaunuka da filayen da ba a nomawa, ta shar'anta igiyar da ba ta wuce mita biyu ba daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, da kuma kowane lokaci idan ana kusa da dabbobin kiwo. Denmak ta bi ta wata hanyar, domin a can ƙa'idar ita ce kare a ɗaure yake a daji duk shekara, amma hukumar kula da gandaye da ƙananan hukumomi sun keɓe wasu kurmi da ake kira dajin karnuka, wasu da shinge wasu ba shinge, inda aka yarda a kwance igiya muddin karen yana jin kiran mai shi. Hikimar wannan tsari ita ce ya amsa cewa buƙatar karen gaskiya ce, sannan ya zaɓa mata wurin da asararta ba ta da yawa, maimakon a bar kowane mai kare ya yanke wa kansa hukunci a bakin kowane daji.

Sharaɗin jin kira shi ne inda yawancin masu karnuka ke faɗuwa, kuma a nan ne ra'ayin barin kare ya bi ɗabi'arsa yakan zama mafakar lalaci. Karen da ke dawowa idan an kira shi a tsakar gida bai ci jarrabawa ba tukuna, sai ranar da kurege ya gilma a gabansa aka kira shi ya juyo. Masu horarwa suna fara wannan aiki da doguwar igiya mai mita biyar zuwa goma wadda kare ke ja a ƙasa, yana da sararin sunsunawa amma ana iya take ta idan ya zabura, kuma suna koya wa mai shi ya gane gaɓar farko ta sarƙar, wato lokacin da kare ya tsaya cak ya kafa kunne jikinsa ya sandare, domin kiran da aka yi a wannan daƙiƙa yana shiga kunne, wanda aka yi bayan an fara gudu kuwa iska ce ke ɗauke shi. Akwai karnukan da ba za su taɓa kai wannan matsayi ba komai horo, kuma adalci gare su da maƙwabtansu shi ne fili mai shinge, irin wanda manoma da dama a Ingila suka fara bayarwa haya da sa'a. Ya kamata a tuna kuma cewa duk wannan muhawara tana yiwuwa ne saboda Birtaniya ta rabu da ciwon haukan kare a cikin karnukanta tun shekarar 1922. A inda cutar take, kamar Nijeriya da Nijar da sauran ƙasashen Afirka da Asiya da ke ɗauke da mafi yawan mutum kusan 59,000 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashewa duk shekara, maganar sakin kare tana farawa ne daga allurar rigakafi.

Tsarin da ya fi kowanne fuskantar matsalar kai tsaye shi ne wanda aka ƙirƙiro a kudu maso yammacin Landan, a filayen da ke gundumomin Surrey da Hampshire da Berkshire, waɗanda aka ayyana fiye da hekta 8,000 daga cikinsu a matsayin wurin kariya na musamman a shekarar 2005 saboda yautai da wasu tsuntsaye biyu masu sheƙa a ƙasa ko dab da ita. Hukumomi sun lura cewa kowane sabon rukunin gidaje yana zuwa da sababbin karnuka, kuma allon gargaɗi ba ya hana mai kare zuwa wurin da ya fi kusa da shi, sai suka hana ƙara gidajen zama a cikin mita 400 daga iyakar filayen, suka kuma wajabta wa duk mai gina gidaje tsakanin mita 400 zuwa kilomita biyar ya biya kuɗin samar da wani fili na madadi da zai janye masu karnuka daga wurin tsuntsayen. An tsara filin ne da idon mai kare: wurin ajiye mota, hanya mai zagayowa ta kimanin kilomita biyu da rabi, itatuwa da ciyayi da za su sa ya yi kama da daji na gaske, da sarari mai faɗi inda aka yarda kare ya yi gudu ba igiya. Ma'aunin da aka ɗora wa magina shi ne aƙalla hekta takwas ga kowane sabon mazauni dubu, kuma sai an tabbatar da filin kafin a ba mutane izinin tarewa a gidajen.